Baƙo a Damagaram: yadda ake zama ɗan unguwa

Ka sauka tasha da jakarka. Aiki ne ya kawo ka, ko karatu a Jami'ar André Salifou, ko kasuwa. Kafin maganar abokai, fara da gida, don unguwar da ka sauka ita za ta zaɓar maka mutane.

Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, gidajen gado ne, kowa ya san kakan kowa, shiga cikinsu sai da ɗan jagora. Zango kuwa tun asali masaukin fatake ne, ya saba da baƙi. Duk inda dillali ya kai ka, fara tambayar ruwa. Garin a kan dutse yake, kuma a Afrilu da Mayu akwai unguwannin da famfo ke kwanaki bai kawo ba, ko ya kawo tsakar dare. Kada ka tambayi dillali, la'adarsa yake nema. Tare mai ga-ruwa ka tambaye shi nawa jarka take lokacin zafi.

Cikin makon farko, roƙi mai gidan haya ya kai ka gaida mai unguwa. Riƙe ɗan goro, faɗi sunanka, garinku da sana'arka. Ranar da rigima ta taso da maƙwabci, wurinsa za a fara zuwa, gara ya riga ya san fuskarka.

Sai masallaci. Kama guda ɗaya, na kusa da gida, musamman asuba da magariba. In an sallame kada ka zari takalmi, tsaya ka ba da hannu. Kwana goma haka, ranar da ba ka zo ba za a ce ina baƙon nan.

Yanzu fada, inda abota take ƙulluwa. Benci ne ko tabarma a ƙofar gida, da ƴar buta bisa gawayi. Yi sallama, jira a ce bismillah. Shayi hawa uku ne: na farko ɗaci, na biyu daidai, na uku zaƙi, kuma kafin a gama an ci awa ɗaya ko fiye. Wanda ya kurɓi na farko ya tashi, an ɗauka sha ya kawo shi. Kwanakin farko saurara, kada ka tsoma baki a siyasa, kada ka riƙa cewa a garinmu ba haka ake yi ba. Zuwa na huɗu ko na biyar, zo da ƙullin shayi da sukari ka ajiye gaban mai dafawa, ba sai ka yi magana ba. Amma dubi waɗanda ke zaune tukuna. Akwai fadar ma'aikata, akwai ta ɗalibai, akwai kuma ta ƴan pale, wato gungun samarin da aka sani da rigima, kuma inda aka fara ganinka, da su za a lissafa ka.

In daga Najeriya ka fito, koyi ƙirgen dala. Dala ɗaya sefa 5 ce. Ɗan kabu-kabu ya ce arba'in, 200 yake nufi. Ɗari 500 ce, jika 1000.

Ke kuma ƴar'uwa, ƙofarki maƙwabta ce. Shiga gaisuwa da hantsi, aika ɗan kwano in kin yi girki, kwanon da aka aiko miki kada ya koma wayam. Nemi mai raka ki Kasuwar Dole ranar Alhamis, ita za ta nuna miki masu sauƙi. Adashi dai ki dakata sai kin san uwar adashin da gidanta, don sabuwar shiga kan samu kwasar ƙarshe, kuma in ya watse a hanya kuɗinki ne ke maƙalewa.

Suna da ɗaurin aure, in an ba ka goro, je. Rasuwa ba a gayyata. Ko ba ka san mamacin ba, bi jana'iza, ka dawo ka zauna tabarmar makoki, ka ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, ka sake leƙawa ranar sadakar uku.