Laccar hunturu a Damagaram: kaskon wuta ba ya kwana ɗaki

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla. Iyayena mata, ku matso cikin rana, ai yau babu mai gudun ta.

An ce in yi magana a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai shirya gidansa kafin ɗari ya kankama. Abu biyar na rubuto, kuma a cikinsu babu wanda zai ci maka jaka goma. Wasu ma ko dala ba za ka kashe ba.

Na farko, ka san ta inda sanyin yake shigo maka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga Disamba har cikin Fabrairu. Hazon nan da ke rufe mana rana, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, inda da can ruwan tafkin Cadi ya kwanta ya bushe ya bar gari kamar toka. To, ka zagaya ɗakinka ta wannan kusurwa. Da magariba ka jiƙa bayan hannunka, ka bi gefen taga da ƙarƙashin ƙyaure da inda kwano ya haɗu da bango, duk inda ka ji sanyi ya taɓa ka, nan ne. Tsagar bango a yaɓe ta da laka, ƙasa dai ba saye ake ba. Ƙarƙashin ƙyaure a naɗe tsohon zane a tare. Taga a sa mata kwali ko buhu. Bakin ƙofa a rataya asabari ko tsohon bargo. Mutanen tsohuwar unguwar Birni masu ɗakin soro, ku gode wa kakanninku. Katangar ƙasa mai kauri tana shan rana yini guda, da dare ta riƙa sako ɗumin a hankali. Mu da muka koma bulo da kwano a sababbin unguwanni, rana na faɗuwa kwanon ya huce, kafin asuba ɗaki ya zama randa. Wanda ba shi da rufin ciki, ya ɗinka buhuna ya ɗaure a ƙarƙashin kwanon, za a ga bambanci tun daren farko.

Na biyu, shimfiɗa. Mutane suna ta tara mayafi a sama, alhali siminti ne ke zuƙe musu ɗumi ta ƙasa. Kwali biyu a ƙarƙashin tabarma ya fi ƙarin bargo ɗaya. Je ka kasuwar Dole wajen masu kanti, kwalayen da suka zazzage kaya, sau da yawa roƙo kawai za ka yi.

Amma fa, tunda na ce a toshe kafofi, dole in tsaya a nan, don abin da ya fito da ni daga gida ke nan. Kaskon wuta. Jama'a, kaskon wuta.

Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma daren da ba na mantawa wani daren Janairu ne da aka kawo mana mutum huɗu 'yan ɗaki ɗaya a amalanke. Uwa da 'ya'yanta uku. Babu ƙuna a jikin kowa, ko tabarmarsu ba ta ci wuta ba. Matar nan ba sakaci ta yi ba, ƙauna ce ta sa ta. Ta ga yara suna rawar ɗari, ta toshe ko'ina, ta shigo da gawayi, ta rufe ƙofa. Allah ya sa maƙwabciya ta zo ɗibar wuta da asuba ta yi ta sallama shiru. Uku sun tashi. Ƙaramin bai tashi ba.

Ku saurara da kyau. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadace shi ba, yana fitar da wata guba, likitoci suna kiran ta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Hayaƙin itace ai yana da kirki, zai shiga idonka, ka yi tari, ka tashi ka buɗe ƙofa. Wannan kuwa ba ta sallama. Kuma ga inda mutanenmu suke ruɗuwa: sai a ce "bari ya gama hayaƙi a waje, in ya yi ja sai a shigo da shi." Jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Na sake faɗa? Garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da ita. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta a kan oksijin, wato iskar da jiki ke rayuwa da ita, fiye da sau 200. Wato jininka yana ta zagayawa, amma ba abin da ƙwaƙwalwa ke bukata ya ɗauko ba. Mai barci ba ya farkawa ya ce ina jin wani abu. Barcin ne kawai yake ƙara nauyi.

Alamarta a farke: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gaɓoɓi su mutu. Sai a ce masassara ce, wani ya ce iska ce ta taɓa gidan, a tafi neman hayaƙi a ƙara turara ɗakin. Ni dai ga ma'aunina: in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma da wuta a ɗakin, kada a tsaya tambaya. A buɗe ƙofa da taga, a fito da su fili, wanda ya suma a kwantar da shi a gefe ɗaya, a nufi likita. Ko sun ce sun warware, a kai su.

Samarin fada, ina ganin ku can kuna murmushi. Ku ma da ku nake. Sanyi ya koro ku daga bakin titi kun shige shago, kun ja ƙofa, murhun shayi yana tsakiya, ana jiran na uku ya nuna. Shayin nan na uku da ake cewa ya fi zaƙi, ku sha shi da ƙofa a buɗe. (Dariya.) Haka mai kunna janareto a zaure, gubar ɗaya ce.

To me za a yi, a kwana da sanyi? A'a. Damagaram garin duwatsu ne. Ka taɓa jingina da dutsen Birni bayan isha'i? Da ɗuminsa. Samo dutse busasshe daidai hannu ko bulon ƙasa, a ajiye gefen murhu lokacin tuwon dare, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a sa wajen ƙafafu. Ko a zuba ruwan ɗumi a jarka a ɗaure bakinta tam. Wutar da ta dafa tuwo ita ta biya kuɗin, ba ka ƙara gawayin ko dala ba. Kaskon kuwa a ji ɗuminsa a tsakar gida, a kashe shi kafin a kwanta.

Ina muke? Na uku ne ko na huɗu? To, sauran da sauri. Tufafi: riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ga bosho nan a kasuwa, a fara da hula da safa na yara da tsofaffi. Man kaɗanya a ƙafa da leɓe saboda faso, a ɗan shafa a bakin hanci saboda haɓo. Masu ajiye kwalaben fetur a gida, ku raba su da ɗakin kwana da madafa, iskar nan ba ta barin wuta ta tsaya wuri ɗaya, ga zana ga kara duk a bushe, kuma kun san yadda ruwa yake wahala a garin nan. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa, kun tuna sanƙarau ɗin da ya shigo yankin nan a ƙarshen 2022, kada a kwana da shi a gida.

Na'am, Hajiya? Ku miƙa mata abin maganar.

(Wata dattijuwa ta tambaya: maijego fa, da aka saba hura mata wuta a ɗaki har ta yi arba'in?)

Allah ya saka da alheri, Inna, kin taɓo inda ya fi mini ciwo. Ba zan ce ku bar gasa maijego ba, na san ba za a ji ni ba, kuma ɗumi yana yi mata daɗin jiki. Amma jinjiri yana numfashi da sauri fiye da babba, shi gubar take fara kamawa, kuma ba shi da bakin cewa kaina na ciwo. Sai dai a ga ya yi lis, ya ƙi kama nono, a ce yaron kirki ne ba ya kuka. Ta sha ɗuminta da rana, ƙofa a buɗe, da mutum a kusa. Da dare a fitar da wutar gaba ɗaya. Jinjirin a sa masa hula da safa, uwar ta ɗora shi a ƙirjinta fata da fata, a lulluɓe su tare, fuskarsa a waje. Wankansa kuma a bari sai hantsi ya ɗaga. Inna, ke ce kakar, in kika ce a fitar da kasko babu surukar da za ta musa miki. An kira la'asar ko? To, mu tashi, wanda ke da sauran tambaya ya same ni bakin ƙofa.