Daga rumfar kara zuwa zauren majalisa: ina aikin dapite yake?

An rubuto wannan lacca ne daga faifan da aka naɗa a wani zaman tattaunawa a birnin Maradi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan makaranta, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan yadda ɗan majalisa, wanda muka fi sani da dapite, yake kai kukan mutanen karkara gaban gwamnati. Na san wani zai ce a ransa, malam, wace majalisa kuma? Gaskiyarka. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rushe majalisar dokoki, a watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Amma famfon da ya lalace a wani ƙauyen Mayahi yana nan a lalace, kuma ko da wane suna aka kira wakili gobe, wannan aikin ne zai tarar. Gara mu san shi tun yanzu.

Ku tuna ƙofar gidan dapite in ya zo gari. Tun asuba an cika. Wannan matarsa ta haihu, wancan an rubuto masa magani, ga 'yan kwamitin masallaci suna neman tabarmi, ga matasa suna son rigunan ƙwallo. Ya sa hannu a aljihu, jika biyar nan, jika goma can, kafin azahar aljihu ya yi fayau, kowa ya tafi yana sa albarka. Ban raina alheri ba, Allah ya saka. Sai dai wannan aikin kowane Alhaji na kasuwa zai iya yin sa, har ya fi shi. Abin da Alhaji ba shi da ikon yi shi ne ya tsayar da minista a gaban jama'a ya ce sai ya ba da amsa. Don wannan ikon aka zaɓi dapite, kuma shi ne muka fi mantawa mu tambaye shi.

Laifin ba na mutane ba ne kaɗai, har da yadda aka tsara zaɓen. Majalisar da ta wuce kujeru 171 gare ta, kuma mafi yawansu da jerin sunayen jam'iyya aka cike su, jiha-jiha. Wato kai da ke Dakoro da wanda ke Ɗan Isa, alamar jam'iyya kuka dangwala wa, ba mutum ba. Wanda zai zo a saman jeri da wanda zai zo a ƙasa, shugabannin jam'iyya ne suke yankewa. Tsarin mulkin 2010 ya ce kowane dapite wakilin ƙasa ne baki ɗaya, ya kuma ce wanda ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya bar kujerarsa. To ku gaya mini, tsakanin mai gari da shugaban jam'iyya, fushin wa zai hana shi barci? [dariya] Saboda haka dapiten da ya tashi ya matsa wa ministan jam'iyyarsa a kan maganar ƙauye, ku san ya yi ƙoƙari, don kansa ya sa a gaba.

Ko lokacin da majalisa ke nan, kayan aikinsa ba su da yawa. Yana iya aika tambaya a rubuce, yana iya yin ta da baki a zauren majalisa, ana iya kiran minista ya zo ya yi bayani, ana iya kafa kwamitin bincike, in abu ya yi tsanani a kaɗa ƙuri'ar tsige gwamnati. Sai babba a cikinsu, zaman kasafin kuɗi na ƙarshen shekara. Duk waɗannan a rubuce suke. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake mai da kuka ya zama tambaya.

Bari mu ɗauki maganar likita. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba su a ba su magani. Doka ce mai kyau, ta ceci rayuka. Amma ku bi wata uwa zuwa likitar ƙauye, wato ɗan asibitinsu, a watan Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ta yi ƙamari. Ta taso tun duhu a amalanke, yaro a goye jikinsa kamar wuta. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da likitar, ya duba shi, bai karɓi ko dala ba, sannan ya juya ya kalli kantar magani, ba komai sai kwalaye. Ya yage takarda ya rubuta mata ta je ta saya. Ita a wurinta an yi mata ƙarya, ko kuma majo ya sayar da maganin. Wani lokaci hakan na faruwa, ban musa ba. Amma sau da yawa ga abin da ke ƙasa: likitar ta yi aikin kyauta, ta cika takardun neman a mayar mata da kuɗinta, takardun sun hau zuwa gunduma, daga nan jiha, daga nan Yamai, suka kwanta suna jiran baitulmali. Wata da watanni ba a biya ba, asusun sayen magani ya ƙare.

Yanzu dapite iri biyu ne. Na farko zai miƙe a majalisa ya ce, ranka ya daɗe, talakawanmu suna cikin wahala, babu magani a karkara. Minista zai miƙe shi ma ya ce gwamnati tana sane, kuma tana bakin ƙoƙarinta. An tafa, an tashi. Na biyu ya riga ya je ya zauna da majo da kwamitin da ke kula da kuɗin likitar, ya ga kwafin takardun da idonsa. Shi tambayarsa ita ce: takardun biyan kuɗi nawa suka iso ma'aikatarka daga gundumar Madarunfa a bara, nawa aka biya, nawa suka rage, kuma yaushe za a biya? Wannan ba ta amsuwa da "muna sane". Dole minista ya sa a buɗe dirowa, don in ya faɗi adadin ƙarya an rubuta, kuma akwai mai kwafi. Na fi ganin girman na biyun ko da bai iya zuba Faransanci ba. Faransancin ana samun mai rubuta masa, zuwa ƙauyen ne ba mai yi masa.

Haka maganar makaranta. Duk wanda ke garin nan bai manta watan Nuwamban 2021 ba, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a nan Maradi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Kafin nan, a watan Afrilun shekarar, irin haka ta faru a Yamai. Bayan gobara kowa ya yi magana. Amma mutanen ƙauye sun daɗe da sanin wata ɓarnar da ba ta fitowa a rediyo: ba a kafa rumfar aji sai an gama girbi an samu kara, in damina ta faɗi kuma aji ya watse. An yanke shekarar karatu kai da ƙafa. Ga malamin kwantiragi da zai bar yara ya tafi birni bin kuɗinsa. Dapiten da ke son a daina wannan, wurinsa shi ne kwamitin da ke tantance kasafi, ya ga aji nawa aka rubuta za a gina a jihar Maradi. Sannan, wanda shi ne aka fi tsallakewa, ya dawo baɗi ya tambaya nawa aka gina, a ina, wa aka ba kwangilar. Kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka fitar daban, ginin da ya tsaya a ƙasa kuma daban.

Kada ku ce ai majalisa ba ta taɓa tsinana komai ba. Ranar 31 ga Mayun 2007, 'yan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou, kuma tushen rigimar kuɗin ilimin firamare ne da aka yi sama da faɗi da su. Na sani, akwai lissafin siyasa a ciki, ba ƙaunar ɗan makarantar garin Gazawa ba ce kaɗai ta motsa su. Duk da haka kuɗin alli da littafi sun taɓa tayar da firaminista daga kujerarsa a ƙasar nan.

Wani abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Tun 2004 muka fara zaɓen ƙananan hukumomi, a 2016 kuma aka miƙa musu wani ɓangare na harkar ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Famfon ƙauye in ya tsaya, tambaya ta farko ta kwamitin ruwa ce: kuɗin da ake karɓa a kan kowace jarka, ina suke? Ta biyu ta magajin gari ce, ko mai riƙon da aka naɗa a madadinsa. Ba sai an je Yamai ba. Abin da ya kai ga dapite shi ne in an miƙa wa ƙaramar hukuma aiki ba a miƙa mata kuɗin yin sa ba, wanda kuwa shi ne kukan magaddan gari tun da aka fara. Maganar 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a yankin Gidan Rumji da Madarunfa ita ma tasa ce kai tsaye, don ta fi ƙarfin kowane magajin gari.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. In wakili ya zo ƙauyenku, kada a bar taron ya ƙare a kirari da kiɗa. Ku zauna da mai gari da shugabar mata tun kafin ya iso, ku rubuta abu biyu ko uku, kowanne da sunan wuri da ranar da abin ya fara. A yi kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya ku ajiye. Ku tambaye shi wane minista zai kai wa, kuma a wane zama. In ya dawo bayan an rufe majalisa, a fito da takardar a karanta a gabansa, ko a kai ta gidan rediyon yankinku a gayyace shi ya amsa da Hausa kowa ya ji.

Na ga ana ɗaga mini hannu, la'asar ta yi. Bayan salla sai mu karɓi tambayoyi, a fara da ɓangaren mata.