Jirgin Yaƙin Da Ya Ƙi Yin Ritaya

Kabiru: Jama'a assalamu alaikum. Tun da aka fara ɗauki-ba-daɗi a Bahar Maliya saƙonninku ke ta shigowa, wai wane irin jirgi ne ke kakkaɓo makaman 'yan Houthi na Yemen.

Zainab: USS Carney ko, Yaya Kabiru? Na Oktoban 2023.

Kabiru: Shi fa. Jirgin ruwan yaƙin Amurka ne, samfurin Arleigh Burke. Na farkonsu ya fara aiki ranar 4 ga Yulin 1991, kamfanin Bath Iron Works na jihar Maine ya ƙera shi. Shi kansa Admiral Burke, tsohon sojan ruwan Yaƙin Duniya na Biyu, yana raye, ya halarci bikin.

Habu: Ikon Allah, da ransa aka yi masa takwara.

Kabiru: Abin da ya fi burge ni, da ƙarfe aka yi saman jirgin. A da Amurka alminiyam take sawa don ya yi sauƙin nauyi. A 1975 USS Belknap ya yi karo da jirgin dakon jiragen sama John F. Kennedy, gobara ta tashi, saman jirgin ya narke.

Habu: Kamar tukunyar Inna da na manta a kan murhu.

Zainab: Kai Habu! Wadda ka ce kyanwa ce ta ture?

Habu: Wake ne a ciki fa, Anti Zainab. Gindinta ya hude, har yau in na je gida sai an tuna min.

Zainab: Ka biya ta?

Habu: Na sayo sabuwa, ta ce ba ta kai waccan kauri ba.

Kabiru: To ai Inna ta fi ka gaskiya, kuma maganar kenan. Ku dubi USS Cole, shi ma samfurin Burke ne. A watan Oktoban 2000 aka kai masa harin ƙunar baƙin wake a tashar Aden, sojoji 17 suka mutu, gefensa ya yi ƙaton rami, amma bai nutse ba. Aka gyara shi ya koma aiki.

Zainab: Na ji an so daina ƙera su.

Kabiru: Ƙwarai. Aka fito da sabon samfuri, Zumwalt, mai siffar da na'urar rada ba ta saurin hangowa. Guda 32 aka tsara, tsada ta sa aka tsaya a uku. Dole aka koma wa Burke. Dalili kuwa, cikinsa na karɓar gyara: ramukan harba makamai 90 a na farko, 96 a na baya, ga tsarin Aegis da ke bin abubuwa da yawa a sama lokaci guda. A 2023 USS Jack H. Lucas ya shigo da sabuwar rada, SPY-6. Yanzu sun haura 70, ana kuma ci gaba da ƙerawa.

Zainab: Ni abin da ke damuna, ka harba makamin dala miliyan biyu don ka kakkaɓo ɗan jirgi mara matuƙi mai araha. Har yaushe za a jure?

Kabiru: Wallahi a nan na so mu daɗe, don akwai...

Habu: Yaya, lokaci fa. Har an kira sallah.

Kabiru: Af! To sai mako mai zuwa. Habu, ka gaida Inna.