Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Cibiyar Binciken Tace Gurɓataccen Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, manyan baƙin da suka rufa maka baya, malamai, injiniyoyi da ɗalibai. A madadin ma'aikatan wannan cibiya ina yi muku lale marhabin, sannunku da zuwa. Mun san hidimomi sun yi maka yawa, ranka ya daɗe, don haka ba zan ja zance ba.

Kowa ya san in aka bar mai da ruwa suka natsu, man zai taso sama a kwashe shi. Da wannan dabara tankunan matatun mai suka daɗe suna aiki, kuma suna kama ɗigon da ya kai maikiron 150 zuwa sama (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Inda gizo ke saƙa shi ne ruwan da famfo ya kaɗa, ko ya gauraya da sabulu da sinadarai. Nan man yakan farfashe ya koma ɗigon da bai kai maikiron 20 ba, ya ƙi tasowa ko da an bar shi kwana da kwanaki. Shi ne a kwalbar da ke hagunka, fari fat kamar madara. Irinsa na fitowa daga matatu, da masana'antun ƙarfe, da jiragen ruwa, da rijiyoyin mai, inda a ƙiyasi kowace gangar ɗanyen mai ke zuwa da kusan ganga 3 na ruwa. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan hana jiragen ruwa gurɓata teku, wato MARPOL, ta 1973 da gyaranta na 1978 ta hana jirgi zubar da ruwan ɗakin injinsa a teku muddin man cikinsa ya haura kashi 15 cikin miliyan.

Kwalbar dama kuwa ruwan nan ne dai, bayan ya ratsa tantanin da ƙofofinsa ba su wuce maikiron 0.1 ba. Ruwa ya wuce, mai ya tsaya. Akwai tantanin roba mai rahusa, akwai na yumɓu da ake gasawa daga alumina ko zirkoniya, mai tsada amma mai jure zafi da asid.

Sai dai ba za mu ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, tantani yana toshewa, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa. Za ka ga wani da muka ciro: ya yi baƙi, ya yi santsi, man ya liƙe a fuskarsa ya cusa cikin ƙofofin, har ruwan da ke kwarara ya koma ɗiga. Don rage wannan mukan tura ruwan ya riƙa gogar fuskar tantanin da gudu yana share abin da ya taru, lokaci lokaci kuma a mayar da ruwa mai tsabta ta baya ya wanke shi. Ɗalibanmu suna kan gwada wani shafi mai son ruwa, wanda idan ya jiƙe sai ruwan ya yi masa lulluɓi, man ya rasa wurin kamawa. Daga ɓawon kifi masana suka ɗauko wannan hikima, domin da wuya mai ya manne masa a cikin ruwa. A ganina nan ya kamata a fi zuba kuɗin bincike, ba wajen sayen sababbin injuna ba.

Roƙonmu biyu ne. A buɗe mana ƙofar masana'antu mu ɗebi ainihin ruwan da suke zubarwa, saboda tantanin da ya yi abin a yaba da ruwan da muka haɗa da hannunmu yakan gaza in ya gamu da gishiri, yashi da zafi. Sannan a tsaurara bin dokar zubar da ruwa, har da kula da inda ake kai kaurin man da aka tace. Mai masana'anta ba zai sayi tantani ba muddin zubarwa a kwata ta fi masa sauƙi.

Yanzu, da izininka, za mu shiga ɗakin gwaji ka kunna injin da hannunka. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.