Darasi: Riƙon Tsohuwar Kunkuru da Yadda Ake Sayar da Ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau muna gareji a nan Jos, kuma ga abin da ke gabanmu: Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu ke kira kunkuru. A 1975 aka fara harhaɗa irinta a Legas, shekarar da Fijo ma ta fara fitowa daga Kaduna. Ta ƙarshe a duniya kuwa a Meziko aka ƙera ta, a 2003. Kun ga ke nan duk wadda ke hannun mutum yau ta kwana biyu.

Yaro, zagayo da kyamarar. A'a, baya. Injin a baya yake, gaba tankin mai ne da safaya.

To ku duba da kyau, babu lagireto. Motar nan ba ta shan ruwa, iska da baƙin mai ne ke sanyaya ta. Wannan fanbel shi ke juya janareta, janareta kuma ke juya fankar da ke ɓoye cikin murfin nan. In ya tsinke, jar wuta za ta kama a gabanka. Kada ka ce bari in ƙarasa gida. Tsaya nan take ka kashe, domin cikin 'yan mintuna inji zai ƙone. Danna shi da babban yatsa haka, ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya, ya isa. Kuma kullum a samu wani sabo a cikin mota.

Ga wani abu da ke ba ni haushi. Kun ga waɗannan faranta na ƙarfe da robar da ta kewaye injin? Wasu makanikai in sun sauke inji sai su ƙi mayar da su, wai ba su da amfani. Su ne ke raba iskar sanyi ta sama da ta zafi da ke fita ƙasa. Ba su nan, fanka za ta riƙa zuƙo zafin da ta fitar. Sanyin Jos yana rufa wa irin wannan aiki asiri, kana ta yawo tsakanin Taminus da Bukuru lafiya lau. Ranar da ka taso daga Akwanga ka kama Hawan Kibo, ranar za ka gane. A hawa irin wannan kada ka danne ta a giya ta huɗu. Sauko ta uku, inji ya yi ta kuka abinsa, saboda gudun fanka yana bin gudun inji ne.

Juyen baƙin mai: lita biyu da rabi take ci, duk kilomita 5,000, lokacin ƙurar hunturu ma kada a jira ya cika. Ba ta da filtar mai irin ta motocin yanzu, wata 'yar rariya ce a ƙasa, noti shida ke riƙe da murfinta. A kwance, a wanke da fetur, a sa sabon gasket. Saitin bawul, wato 'yar tazarar da ake bari a kan ƙofofin shiga da fitar iska na inji, milimita 0.15 ne, kuma sai inji ya kwana ya huce sarai ake yi.

Yanzu ɗaga mini kujerar baya. Yauwa. Batir a nan yake zaune, ƙarƙashin mazaunin fasinja. In kansa a buɗe yake, mai jiki ya zauna, wayoyin kujera su taɓa shi, sai gobara. A rufe shi da roba. Ku dubi ƙasan nan kuma, ruwan batir ya fara cin ƙarfen, nan tsatsa ta fi kamawa. Tiyon fetur na cikin inji ma in ya fara tsagewa a canza, shi ne ɗaya mai jawo wuta. Lambar shasi tana nan kusa, a kan tudun tsakiya, ku riƙe wannan.

Kayan gyara a fara leƙa Dilimi a nan Jos, in babu sai Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Wanda ka cire na asali kada ka ba 'yan gwangwan, adana shi.

Sai maganar sayarwa. Mai sayen kunkuru ba abin hawa yake nema ba, sha'awa ce ta kawo shi, kuma irinsu sun fi son abu yadda kamfani ya yi shi. Saboda haka ni ban goyi bayan a yi mata sabon fenti mai ƙyalli ana gobe ciniki ba. Wanda ya san mota zai zo da maganaɗisu ya bi jikinta, inda bai kama ba ya san an cike da fila ne, ƙullin nan da ake shafe lotsa da tsatsa da shi. Gara ka nuna masa tsatsar da bakinka. Ka bari ya zo da safe ya tayar da ita da sanyinta, ya ji da kunnensa, sannan ka fito masa da kwalin tsofaffin kayan nan.

In da dillali, a yanke la'adarsa tun kafin a fara tayi. Kafin ka ce ka sallama, lambar shasi ta dace da ta takarda, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, sannan a je a sauya sunan mai mota a ofishin lasisi. In ba a sauya ba, duk abin da aka yi da ita gobe ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa.

Yaro, miƙo sifana mai lamba goma, mu kwance rariyar nan su gani.