Sharhi: Sakin waɗanda suka yi wa Bilkis Bano fyaɗe da siyasar BJP

Jama'a masu sauraro, ranar 15 ga Agustan 2022, ranar bikin samun 'yancin kan Indiya, Firaminista Narendra Modi ya tsaya a Delhi yana kira ga 'yan ƙasarsa da su girmama mata. A ranar ce kuma gwamnatin jihar Gujarat, wadda ke hannun jam'iyyarsa ta BJP, ta saki mutum 11 daga gidan yarin Godhra, wani gari a jihar. Da suka fito, an rataya musu furanni a wuya, ana ba su alewa a baki.

Su wane ne? Su ne waɗanda kotu ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2008 saboda abin da suka yi wa wata Musulma mai suna Bilkis Bano. A Maris ɗin 2002, bayan gobarar jirgin ƙasa a Godhra da ta ci 'yan Hindu 59, an far wa Musulmi a faɗin jihar, lokacin Modi ne ke mulkinta. Bilkis na da shekara 21 da cikin wata biyar. Suka yi mata fyaɗe, suka kashe 'yarta mai shekara uku a gabanta, tare da wasu 'yan uwanta. Ƙididdigar gwamnati kanta ta ce mutum fiye da dubu ne suka mutu a rikicin, akasarinsu Musulmi.

To, kada wani ya ce sakin nan kuskuren ma'aikata ne. Ma'aikatar cikin gida ta tarayya ta amince da shi. Wani ɗan majalisar BJP da ke cikin kwamitin da ya ba da shawarar, C.K. Raulji, cewa ya yi ai mutanen Brahmin ne, wato 'yan aji mafi ɗaukaka a tsarin 'yan Hindu, masu tarbiyya. Ga kuma zaɓen jiha saura wata huɗu. Aƙidar Hindutva, wadda ke kallon Indiya a matsayin ƙasar 'yan Hindu, ta daɗe da gane cewa wulaƙanta Musulmi na kawo ƙuri'a.

A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke afuwar, ta ce Gujarat ba ta da hurumin yin ta, aka mayar da su kurkuku. Madalla da alƙalan. Sai dai kafin nan, a Disambar 2022, BJP ta lashe kujera 156 cikin 182 a majalisar jihar, Raulji kuma ya koma kujerarsa ta Godhra.