Fursuna mai lamba 41 da waɗanda aka bari a cikin sarƙa

Guntun bidiyon nan da ke yawan zagayawa, na mazajen da ke jan filafili a cikin duhun cikin jirgi, gumi na tsiyaya, mai ganga na ƙara musu sauri, ya fito ne daga fim ɗin Ben-Hur na shekarar 1959, wanda William Wyler ya ba da umarni, Charlton Heston ya fito a matsayin jarumi, ya kuma lashe kyautar Oscar guda 11. Duk lokacin da guntun ya sake zagayawa, sai a ji masu kallo na cewa ga fim ɗin da ya tona asirin bauta. Ana kuskuren fahimtarsa ne a mataki guda, wato lokacin da aka kwance wa jarumin mari, kuma a nan za mu tsaya.

Labarin a gurguje shi ne, Judah Ben-Hur ɗan babban gida ne a birnin Ƙudus a zamanin mulkin Rumawa. Tubali ya suɓuce daga rufin gidansa yayin da sabon gwamna ke wucewa, sai Messala, abokinsa na yarinta wanda ya zama hafsan Rum, ya tura shi aikin jirgi alhali ya san tsautsayi ne, ya kuma jefa mahaifiyarsa da ƙanwarsa a kurkuku. Shekara uku ke nan yana jan filafili, sunansa ya ɓace, an bar shi da lamba 41.

Yanzu ku lura da kwamandan rundunar jiragen, Quintus Arrius. Ana shirin gwabzawa da 'yan fashin teku, ana zura sarƙa a ƙafafun matuƙa domin kada kowa ya tsere, sai ya ba da umarni a tsallake mutum ɗaya. Me ya gani a jikinsa? Ya ga idon da bai rusuna ba, da tsayuwar wanda ya saba a tashi masa. Kyamara ma ta riga ta zaɓe shi: haske na kan fuskarsa, sauran kuwa baya ne da kafaɗu, babu wanda muka san sunansa ko laifinsa. Da jirgin ya fashe, gaskiya ne jarumin ya ƙwace mabuɗi ya saki wasu, amma fim ɗin bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya bi Ben-Hur ne zuwa kan katakon da ya ceci Arrius, daga nan zuwa birnin Rum, inda Arrius ya 'yanta shi ya mai da shi ɗansa kuma magajinsa. Jirgin da ya tsamo su daga teku ma bayi ne ke tuƙa shi, jarumin ya leƙa ya gan su, labari ya ci gaba.

Abin da ke sosa ran mai kallo, in ya bincika zuciyarsa da kyau, shi ne an saka ɗan sarauta a wurin da ba nasa ba. Ku koma farkon fim ɗin za ku ga Ben-Hur kansa yana da bayi: Simonides mai kula da dukiyarsa bawansa ne, 'yarsa Esther kuma baiwarsa ce, kuma 'yancin da ya ba ta kyautar aure ce daga ubangida mai kirki. A ganina wannan ne ginshiƙin irin waɗannan finafinai, domin bauta a cikinsu jarrabawa ce da ake saka mutum ɗaya ya fito da daraja, tsarin kuwa yana nan daram bayan ya wuce.

 Masana tarihi sun nuna cewa jiragen yaƙin Rum, waɗanda manyan sansanoninsu ke Misenum da Ravenna, galibi ba bayi ba ne ke tuƙa su, mutanen larduna da ke shiga aikin soja na shekara 26 su fito da takardar zama 'yan ƙasa. Ko da Augustus, wanda daga baya ya zama sarkin daular Rum, ya matsu da neman matuƙa a yaƙinsa da abokin hamayyarsa Sextus Pompey, sai da ya 'yanta bayi 20,000 kafin ya ba su filafili. Dalilin ba tausayi ba ne, tuƙin irin wannan jirgi gwaninta ce, kuma ba a son kuskure ranar karo. Ɗaurarrun matuƙa sun yawaita ne daga ƙarni na 16, har zuwa jiragen Sarki Louis na 14 na Faransa a Marseille. Lew Wallace, wanda ya wallafa littafin da aka ɗauko fim ɗin daga cikinsa a 1880, janar ne a rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka, ya ɗauko hoton wani zamani ya ɗora wa Rumawa.

Sauran fim ɗin a taƙaice: Ga tseren keken dokin da kowa ke jira, wasu ma don shi kaɗai suke jure sa'o'i uku da rabi. Messala ya mutu sakamakon raunin da ya ji a tseren, ƙiyayyar ba ta mutu ba, mahaifiya da ƙanwa sun kamu da kuturta, sai a ƙarshe, a wurin gicciyen Annabi Isa da fim ɗin ya nuna bisa aƙidar Kirista, suka warke, shi kuma ya ajiye gaba. Wannan tsira ce ta zuciyar mutum ɗaya da ta gidansa.

Haka zancen yake a Captain Blood na 1935. Jarumin likita ne, Errol Flynn ya fito a matsayinsa, aka sayar da shi a Jamaika bayan tawayen Monmouth na 1685 a Ingila, wata 'yar masu mulki ta saye shi fam 10, ya tsere ya zama ɗan fashin teku, ya ƙare yana gwamnan tsibirin. Wato an ba tsohon bawa ragamar ƙasar da ke rayuwa da gumin 'yan Afirka, waɗanda da ƙyar kyamara ke waiwayar su, kuma kiɗan ƙarshe na murna ne.

Spartacus na 1960 ne ya kauce wa wannan hanya, shi ya sa ya fi ɗaci. Jarumin, Kirk Douglas, bacucane ne a fim ɗin, ba shi da gadon da zai koma ya karɓa, kuma wanda ya farkar da shi wani bawa ne baƙar fata, Draba, da Woody Strode ya fito a matsayinsa, wanda ya ƙi kashe shi a fagen da ake sa bayi faɗa da makami ya juya mashinsa kan masu kallo. Tawayen bayin da Spartacus na gaske ya jagoranta ya faro a shekara ta 73 kafin Miladiyya, ya ƙare a ta 71, lokacin da janar ɗin Rum, Crassus, ya gicciye kamammu 6,000 a bakin hanyar da ta tashi daga Capua zuwa Rum.